Amarya Ba Ta Fita Shiru

Garwa, Maris 2022

Zuwa ga ƙanwata Lauratu,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidanki da aikin asibiti. Mu nan lafiya lau. Malam Halliru yana gaishe ki, kasuwar nama sai godiya. Fati ma tana nan ƙalau, ko da yake na san ba za ki tambaya ba, ke da kunyar 'yar fari kamar ba ke ce kika yi boko ba.

An tsayar da ranar bikin Fati. Dangin angon, Dawuda, sun zo daga garin Gidar, an ce bayan damina, cikin Nuwamba. 'Yar da kika ajiye min tana rarrafe kika tafi makarantar ungozoma, yau ta gama jami'a ta kawo malamin lise, wato sakandare, da bakinta. Kin san aikina ranar. Tun zamanin kakanninmu baƙuwa ba ta taɓa yi wa amaryar gidan nan guɗa ba. Inna ta yi, ni na gada, har tsofaffin unguwarmu Hausare kan ce in na rangaɗa sai su waiwaya su nemi Inna Saude. Kina tuna maganarta: amarya ba ta fita shiru, gawa ce ke fita shiru.

Za ki yi mamakin takarda a zamanin waya. Wayata ba tawa ba ce, Fati ce ke buɗe min saƙo. Abin da zan gaya miki kuwa ba na kunnen kowa ba ne, don haka kada ki taɓa tayar min da shi a waya, ko da kin ji kamar ni kaɗai ce.

Lauratu, abin Inna ya zo min.

Tun bara al'adata ta rikice. Wani wata ta ƙi zuwa, wani wata ta zo ta ƙi tafiya, har na rasa ranar salla da ranar bari, ga azumi ya ƙarato. Sai zafi. Kin san zafin Garwa a Maris, to wannan daban ne. Daga ƙirji yake tasowa ya hau wuya ya kama fuska, ina zaune zufa ta jiƙa min kallabi. Ran nan na zuba gishiri sau biyu a labun kilishi, na ranar bai ciwu ba. Ina tsayawa a tsakar gida da ludayi a hannu in rasa abin da ya fito da ni. Ina kuka ba dalili. Malam Halliru kuma, ba zan ɓoye miki ba, in ya matso sai in ji kamar an jingina min buhun gero. Bawan Allah, haƙurin nasa ya fi min ciwo.

Ke kina ƙarama lokacin, ni da idona na gani. Haka Inna ta fara. Ta zauna bakin rijiya tana kwara ruwa a ka da tufafinta, tana kiranmu da sunan juna. Aka ce iska ce. Baba ya tsaya a zaure ya ce, “A kai ta.” Aka kai ta wurin wani mai magani a ƙauyen bayan Kaele, aka lulluɓe ta da bargo ana mata hayaƙi har ƙirjinta ya lalace. Da aka dawo da ita, ɗakin baya aka sa ta. Ba ta sake guɗa ba, ba ta kuma shekara ba. Shekarunta na lokacin su ne nawa yanzu, kuma a gidan nake zaune. Har yau in zan wuce ƙofar ɗakin sai na kau da kai.

Maƙwabciyata mai ɗinki ta nuna min wani shafi a wayarta. Wata mata ce a Duwala take sayar da wani mai na shafawa, wai shi testosteron. Mata na ta yabo a ƙasa, wai ƙarfi ya dawo, mantuwa ta tafi, maigida yana murmushi. Ta ajans, kamfanin motocin safa, ake turowa, ba wanda zai san abin da ke cikin kwalin. Ke ce ta asibiti. Gaya min tsakani da Allah, magani ne ko damfara? Ni dai burina Nuwamba ta same ni a bakin ƙofa da hankalina.

Yayarki,
Karimatu

Meiganga, Afrilu 2022

Yaya Karimatu,

Barka da shan ruwa. Ina fatan azumi yana zo muku da sauƙi a wannan tanderun naku. Mu nan har ruwa ya fara sauka, da asuba sai da mayafi. A gaida Malam Halliru. 'Yarki kuma, Allah ya sanya alheri, ya kai mu lokacin.

Yaya, ki kwantar da hankalinki ki saurare ni. Ba iska ba ce, ba hauka ba ce. Al'ada ce take shirin sallama, kuma ba ta tafiya rana ɗaya, takan yi shekaru tana ja da baya tana dawowa. Duk macen da Allah ya ja kwananta sai ta bi ta wannan ƙofa. Wata ta wuce ba ta ji komai ba, wata ta sha wuya irin taki. Zafin, zufar, mantuwar, kukan, har maganar Malam Halliru, duk 'yan gida ɗaya ne. Ranar da aka koya mana darasin nan a makaranta sai da na fita waje na yi kuka, don Inna na gani a kan allon. Ita ta goya ni bayan rasuwar uwata, amma ban taɓa gaya miki abin da na gane ranar ba, ina tsoron tayar miki da tsohon miki.

Abin da nake so ki yi shi ne ki je wurin Dakta Simone. Likitar mata ce a can Garwa, na yi aiki a ƙarƙashinta, tana jin Fulatanci kamar a unguwar Fulɓere aka haife ta, ba sai kin yi ta fama da Faransanci ba. Jinin nan da ke zuwa ya ƙi tafiya dole a duba shi, kada a ɗora wa shekaru abin da ba nasu ba. Za ta auna jininki, ta duba wuyanki, don akwai ciwon maƙoƙo da kan zo da irin wannan kama. Maganar salla kuma ki tambayi malamarku ta Islamiyya, ba ke ce ta farko ba.

Batun man nan. Ba ƙarya ba ne gaba ɗaya. Sinadari ne da jikin namiji ke da shi da yawa, na mace kaɗan. Likitoci kan ba wasu mata shi, kuma yana taimakon wasu, musamman a kan abin da ya shafi maigida. Amma ɗan mitsitsi ake bayarwa, bayan an auna jini, kuma ba da shi ake farawa ba. Na cikin waya kuwa ban san abin da aka zuba a ciki ba.

Ga shi an aiko kirana, an kawo wata daga ruga da naƙuda. Sauran bayani Dakta za ta yi miki, ta fi ni sani. Ki je, Yaya, don Allah.

Ƙanwarki,
Lauratu

Garwa, Mayu 2022

Lauratu,

Barka da Salla, da fatan kun yi ta lafiya. Mu ma alhamdu lillahi.

Na je, kada ki ce ban ji maganarki ba. Na sa hijabina na hau moto, babur ɗin haya, na je. Sai na tarar da bencin likitar cike da yara masu ciki, har da wadda na yi wa guɗa bara. Ta dube ni ta ce, “Goggo, ke ma?” aka kwashe da dariya. Wannan ba komai, na saba da bakin yara. Amma a ƙarshen bencin wa zan gani? Gwaggon Dawuda, ta rako surukarta. Tsohuwar nan ta san Inna, ta san ɗakin baya. Ta ƙura min ido, a daidai lokacin kuma zafin ya taso, zufa tana ɗiga daga haɓata. Na ce a raina, gobe war haka Gidar ta ji cewa ciwon gidansu amarya ya motsa. Na ce mata dubiya na zo na ɓata hanya, na fito.

Da na dawo na sake karanta takardarki. Ga shi da hannunki kin rubuta, likitoci kan ba wasu mata shi, kuma yana taimako. To abin da likita za ta ba ni bayan ta tona min asiri a gaban surukai, me zai hana in karɓa a rufe? Mai ɗinki ta yi min oda da wayarta, kwalin ya iso ajans. Hoton namiji ne a jiki, amma matar Duwala ta ce haka ake buga su duka. Ƙananan ledoji ne a ciki, sashe-sashe, ta ce sashe ɗaya kowace safiya, a shafa a dantse. Na tuna kin ce ɗan mitsitsi, na duba sashen, ko na sukarin shayi bai kai ba. Hankalina ya kwanta.

Lauratu, ki zo ki ga Yayarki. Ni kaɗai nake daka gyaɗar labu, na kori yarinyar da ke taya ni. Kukan ya tsaya. Malam Halliru har ya tambaya ko na canza turare ne, na ce ya ji da naman gabansa. Zafin dai bai tafi ba, amma ba a gina gida rana ɗaya.

Zan ba Malum dillalin shanu takardar nan, gobe zai nufo kasuwarku. In kin ga aibu ki rubuto da wuri. In na ji shiru na san kin yarda.

Yayarki,
Karimatu

Garwa, Agusta 2022

Lauratu,

Ina gaisuwa. Ya damina, ya aiki? Mu nan Binuwai ta cika har ta taɓa gonakin gefen gada. Kowa lafiya, in ban da ni.

Na ji shiru, na ɗauka yarda ce, na ci gaba. Da Babbar Salla da kika kira, kin tambaye ni me ya sami muryata, na ce mura ce. Fati tana gefena tana yanka albasa, me zan ce? Na yi ta jira ki rubuto, ke ma wataƙila kina jira na.

Ba mura ba ce. Gashi ya fito min a haɓa, ina tsigewa yana dawowa. Ƙuraje sun feso min kamar budurwa. Zuciya kuma a kusa take, ran nan na daka wa Malam Halliru tsawa a kan buta har ya tsaya yana kallona. Duk wannan da sauƙi.

An yi suna a gidan mai ɗinki. Da aka faɗi sunan jariri mata suka juyo gare ni kamar kullum. Na toshe hanci na ɗaga kai na ɗauko guɗar, ta hau rabi, sai ta karye. Wani abu ya fito kamar kukan ɗan maraƙi. Na sake, ta ƙi. Na yi tari na ce sanyin damina ne, aka yi min sannu, wata yarinya ta yi tata 'yar guɗar aka wuce wurin.

Sai shekaranjiya. Da rana tsaka wani ya yi sallama a zaure, na amsa daga ciki. Sai na ji ana salati. Tsoho Hassan ne, abokin Baba na mahauta. Da na leƙo ya dafa bango ya ce, “Karimatu, ke ce? Wallahi na ɗauka marigayi ne ya amsa min.” Ya yi dariya don ya rufe.

Da ya tafi na je ƙofar ɗakin baya, wadda ban taɓa tsayawa a gabanta ba tun ina budurwa. Ba kowa a gidan. Na buɗe baki na ce, “A kai ta.” Lauratu, shi ne. Ba kama ba, shi ne, har da yadda yake danne ƙarshen magana. Shekara da shekaru ina ɗauke da Inna a maƙogwarona, yanzu wanda ya sa aka kai ta ya shigo ya zauna a wurinta. Tsoro nake ji. Na daina amsa sallama, na daina kiran kaji, in ina karatun salla a zuci nake yi don kada in ji shi.

Na sa an tambayi matar Duwala, ta ce jiki ne ke sabawa, in ci gaba, har ta ce akwai mai ƙarfi in ina so. Ban daina ba, ina tsoron in na daina kukan da mantuwar su dawo gab da biki. Ban san wanne zan fi tsoro ba.

Wannan karon ta ajans zan aiko. Ki ba ni amsa ko da zagi ne.

Karimatu

Meiganga, Satumba 2022

Yaya,

Ina gaishe ki, amma yau ba zan tsaya dogon gaisuwa ba. Ki daina shafa man nan. Daga safiyar da takardar nan ta same ki, kada ki sake buɗe sashe ko ɗaya.

Ban yarda ba, Yaya, ban ma sani ba. Takardarki ta Mayu ba ta zo ba sai jiya. Malum yana hanya aka gaya masa 'yan bindiga sun kwashe makiyayan wansa a dajin kan iyaka, ya juya can, ya ƙare damina yana bin sawu. Jiya ya zo yana ta ba ni haƙuri, wai a aljihun tsohuwar rigarsa ya tsince ta. Taki ta Agusta ta riga ta isowa da kwana kaɗan, na karanta ban gane wace yarda kike nufi ba, sai da na buɗe ta Malum. Duk tsawon watannin nan ni a zatona kina hannun Dakta Simone, kunya ce ta hana ki ba ni labari.

Sashen nan na namiji ne, an auna shi ne don ƙato mai gemu wanda nasa ya yi ƙasa. Abin da ake ba mace, in ma za a ba ta, bai fi kashi ɗaya cikin goma na wannan ba. Da na ce mitsitsi, abin da nake nufi ke nan. Laifina ne. Na san yana taɓa murya, na san abin da murya take a wurinki, na ajiye alƙalami na tafi karɓar haihuwa ban rubuta layin da ya fi kowanne muhimmanci ba. Tun jiya ban iya cin abinci ba.

Ba zan yi miki ƙarya ba. Ƙurajen za su tafi, zafin zuciyar zai sauka, gashin zai ragu. Murya kuwa, in igiyoyinta suka yi kauri, ba lallai su koma yadda suke ba. Wasu ta ɗan dawo, wasu ba ta dawo ba. Kowace safiya kika ƙara, kina ƙara rufe ƙofar.

Na kira Dakta Simone na gaya mata komai. Ta ce ki zo ranar Alhamis bayan la'asar, lokacin bencin ya watse, ki shiga ta ƙofar gefe. Ki tafi da kwalin. Kuma ki gaya wa Malam Halliru. Ba Baba ba ne shi, ke kin fi kowa sani.

Da so samu ne da gobe ina mota, amma ni kaɗai ce ungozoma a nan, hutun da aka ba ni na biki ne kawai. Ki yafe min.

Lauratu

Garwa, Oktoba 2022

Ƙanwata,

Gaisuwa da fatan alheri. Ki ci abinci. Ke kika rubuta a auna jini, ni na tsallake layin na ɗauki wanda ya yi min daɗi. Ba ke kika shafa min ba.

Na daina. Na kuma gaya wa Malam Halliru, na ajiye masa kwalin a gabansa. Ya juya shi ya juya, ya ce, “Karima, ni da nake sana'ar nama ban taɓa sayen saniya a hoto ba.” Sai kuma idonsa ya kawo ruwa, ya ce duk watannin nan ya zaci shi na tsana. Ranar Alhamis shi ya ɗauke ni a motonsa, ya zauna a waje yana jan carbi.

Likitar taki 'yar ƙarama ce, ta sa tabarau ta karanta kwalin. Ba ta yi min faɗa ba, na so ma ta yi. Aka ɗebi jini. Da sakamako ya fito ta ce sinadarin nan a jikina ya kai na namiji, jinina kuma ya yi ƙasa saboda zubar da nake yi, shi ne rabin gajiyar da na yi ta kuka da ita. Ta duba ni ciki da waje, ba abin tsoro. Ta ba ni maganin ƙarin jini, da wani na sinadarin mata wanda shi ne jikina ya rasa tun farko. Ga shi yanzu zafin ya fara ja da baya, ina kwana kallabina a bushe. Abin da na yi ta gudu ashe bai wuce zaman shan shayi ba.

Na ba ta labarin Inna, ban san me ya sa ba. Ta cire tabarau ta ce min da Fulatanci, ba za ta iya rantsuwa a kan wadda ba ta gani ba, amma da yau ne, a kujerar da nake zaune za ta zauna, ta koma gida wurin 'ya'yanta. Na fito na wuce Malam Halliru ban gan shi ba.

Kafin nan ta ce in yi mata guɗar ta ji. Na yi. Ta ce, “Ba zan yi miki alkawari ba.” Ta ce in huta da tilasta ta, kada in ji wa maƙogwaro ciwo. Amma ina zan iya? Ina shan zuma da citta da kanumfari. In Fati ta fita kasuwa sai in shiga ɗakin girki in rufe in gwada. Wata rana takan hau kaɗan kafin ta faɗi. Ran nan na buɗe ƙofa na tarar da Fati tsaye da kwando, ashe ta dawo. Ta ce, “Dada, ga tumatirin.”

Mata sun fara raɗe-raɗin a ɗauko wata mai guɗa daga unguwar Yelwa. Na ce ba a gidan Saude ba. Saura 'yan makonni. Ki taya ni addu'a, kuma ki zo da man shanun Meiganga.

Yayarki,
Karimatu

Meiganga, Nuwamba 2022

Yaya Karimatu,

Na iso lafiya, motar asuba ba ta tsaya ko'ina ba. Sannunku da hidima, Allah ya saka da alheri, ya ba su zaman lafiya. Ki yi haƙuri na fito ba mu keɓe ba, gida cike da mutane, ke kuma kin kwanta da ciwon kai.

Dole in rubuto, don abin ya ƙi barin ƙirjina. Kin san da aka zo ɗaukar 'yarki na nemi wurin ɓuya, kada a ga idona. Ko'ina da mutane, ɗaki ɗaya ne kawai ba kowa, na baya. Na shiga na zauna a kan tsohon gadon Inna. Ina jin motoci, ina jin kukan mata, ina jin ana cewa a fito da ita. Sai gidan ya yi tsit. Shirun ya yi tsawo har na ji wani ya yi tari a waje. Na riƙe ƙarfen gadon na ce, ya Allah, kada ka fitar min da ita haka.

Sai guɗa ta tashi. Yaya, tsigar jikina har yanzu tashi take. Siririya, doguwa, ta hau ta hau, ta yi lanƙwasar nan ta ƙarshe da ba mai yin ta sai ke da Inna. A cikin ɗakin nan na ji ta kamar daga bango take fitowa. Inna na ji, wallahi Inna na ji. Na faɗi na yi sujada a kan ƙurar.

Muryarki ta magana tana nan da kaurinta, na ji da kunnena, amma guɗar ta dawo, ita ce muke nema. Allah ya ji ƙanmu ni da ke. Zan kira Dakta Simone in gaya mata, ta san akwai abin da littafinsu bai sani ba.

Ƙanwarki mai farin ciki,
Lauratu

Garwa, Disamba 2022

Lauratu,

Ina gaisuwa. Mun ji daɗin isarki lafiya. Mutanen Gidar sun aiko, amarya tana lafiya, ta fara girki. Ni ma jiki da sauƙi, ina shan magani, ina komawa wurin likita a kan lokaci.

Kada ki kira Dakta Simone. Na yi niyyar in bar ki da farin cikinki, amma shiru ya riga ya cuce mu sau ɗaya.

Da aka kawo Fati bakin ƙofa a lulluɓe, mata suka buɗa min hanya. Na tsaya a inda Inna take tsayawa. Na toshe hanci na ɗaga kai, ba abin da ya fito sai iska. Na sake, sai wani gurnani can ƙasa, wanda na kusa da ni kawai suka ji. Gwaggon Dawuda tana gabana tana kallona. Na ga ƙafar Fati a kan dokin ƙofa, ɗaya a ciki ɗaya tana shirin fita, gida tsit kamar ranar da aka fitar da Inna. Na ce shi ke nan, na kashe guɗar Inna a bakina, zan kuma fitar da 'yarki kamar gawa.

Sai na ga hannu ya motsa a ƙarƙashin mayafin. Fati ce, Lauratu. Amarya ce ta yi wa kanta guɗa. Ban taɓa koya mata ba, ban taɓa jin ta gwada ba, tana bayana ne kawai a goye tun ba ta da haƙori. Ta ɗauko ta tun daga tushe ta kai ta har lanƙwasar, hawaye na zuba ta ƙasan mayafi. Kin san abin kunya ne, amaryar da ake so ta yi ta kuka a ja ta da ƙyar. Mata suka daskare. Gwaggon Dawuda ce ta fara motsi. Ta kamo kafaɗata ta ɗaga murya yadda na waje za su ji, ta ce, “Kai, Karimatu, Saude ba ta mutu ba!” Sauran suka ɗauka, aka yi ta yi min sannu, aka rufa wa yarinya asiri, aka rufa min. Matar da na gudu daga asibiti saboda ita ke nan.

Kin ce Inna kika ji. Ita kika ji, ban musa ba. Na ji ta ni ma, a karo na farko daga waje, ba daga cikin kaina ba. Ta wuce ta gabana da lalle a ƙafa, ta shiga mota, ta tafi Gidar. Na gode wa Allah da ba ta ƙare a kaina ba. Amma ba zan ɓoye miki ba, ina kewarta, kuma gidan ya yi min faɗi. Na share ɗakin baya na buɗe tagarsa, yanzu a can nake tsince gyaɗa.

Likita ta ce in muryar ba ta dawo ba zuwa yanzu, in fara sabawa. Ina sabawa. Na koma amsa sallama.

A gaida maigidanki.

Yayarki,
Karimatu

Na manta ban gaya miki ba. Jiya da azahar ƙofa tana rufe, wata baƙuwa ta ƙwanƙwasa, daga Yelwa take, za ta aurar da 'yarta. Na ce wane ne. Ta ce, “Malam, sannu da hutawa. Ko Karimatu mai guɗa tana ciki?” Na ce mata ba ta nan.